Cokulan Themelina

A Kalimnos, tsibirin masu ciro soso,
akwai wani tsoho, Sakelaris.
Teku ta karɓi ƙafarsa ta hagu jingina,
shekara arba'in ba ta bari ya fansa ba.
Yana jan ta kamar akuya mai gardama
zuwa gaɓa, in rana ta sassauta.

A aljihunsa cokula shida,
masu ɗan zanen fure a wutsiya.
Bakwai Themelina ta bari da ta rasu.
Da ɗaya yake cin wake,
sauran, in ji shi, su ma su ga duniya.

Yara biyar na jira, ruwa iya cibiya.
Bai taɓa furta kalmar darasi ba,
ya san yaro da darasi
kamar kyanwa ce da wanka.

"Skevos, kifin can kurma ne,
sa bakinka ka gaya masa sunanka."
Ruwa ya ce ɓul-ɓul-ɓul,
yaro ya ɗago, rabi tari rabi dariya.
"Bai ji ba. Gwada masa ta hanci."
Haka numfashi ya koyi fita sannu,
kamar mai sanɗa kada ya ta da jariri.

Sai tsoho ya dafe kai:
"Wayyo, cokalina! Da me zan sha miya?"
Tsulum.
Yana juyi yana walƙiya har ya kwanta kan yashi.
Ɗuwawu huɗu suka dubi sama.

Ban da Nomiki.
Shekararta biyar, fuskarta ba ta shan gishiri.
Da yatsun ƙafa take lalube,
ta damƙo cokali, ta miƙa tana hura hanci.
"An gaishe ki," in ji tsoho, bai ƙara ba.
Ba a buɗe fure da farce.

Ya ware ƙafafu ya zama ƙofar gari:
mai shiga ya bi ta ƙasa,
kuɗin fito, a shafa gurguwar gwiwa.
In kunne ya fara ƙorafi,
a toshe hanci kamar an wuce ruɓaɓɓen kifi,
a busa kaɗan, har ya ce ɗas.

Mikes ya ce, "A ga wanda zai fi daɗewa!"
Nan fa murmushi ya bar fuskar tsoho.
"Ba a wannan gasar a gabana.
Na san waɗanda suka ci ta,
matansu har yau baƙi suke sawa.
Ɗaya ya nutse, ɗaya na kallonsa.
Wasan ke nan, babu wani."

Ran wata Talata iska ta juya.
Aka tara cokula, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.
Biyar.
Bai ce wayyo ba.
Ya tsaya kawai, babban yatsa na shafa furen ƙarfe,
yana duban inda ruwa ke sauya launi.

Nomiki ta san kukan wasa,
wannan shirun ba ta san shi ba.
Ta cika kumatu,
ta kama wandon Skevos,
ta shiga.

Ɗaya. Biyu. Tsoho na ƙirge a zuci,
hannunsa na shawagi bisa gashinta.
Uku. Huɗu.

Ta ɓullo hannu wayam, ido jawur,
gishiri na zuba ta hanci:
"Na gan shi! Ƙaguwa ta zauna a kai!
Kuma akwai rana a ƙasa,
tana ta rawa a kan yashi,
ba wanda ya gaya mini!"

"Bar mata," in ji shi, "ita ma ta ci abincin dare.
Gobe kya karɓo mana."

Ya ƙirga kawuna tukuna: biyar, duk a jiƙe.
Sannan ya ja akuyarsa ya hau tudu,
aljihu na kacau-kacau,
ya ɗan fi na jiya sauƙi.