Jadawalin Mamuda

Shekara goma sha ɗaya kaina ne littafin rumfa.
Buhu nawa, na wane, yaushe za a biya,
duk suna kwance tsakanin kunnen nan da wancan,
har ranar da alkawarin Iya Ronke ya sulluɓe mini,
albasa buhu arba'in ta tsiro ƙarƙashin tamfol
a damshin kasuwar Mil Sha Biyu.

Barira, 'yar ƙanena, ta taso daga Agege ran Lahadi
da kwamfuta mai tsagaggen murfi.
Ta ce, "Baffa, miƙo littattafan nan masu warin gumi."
Ta ja layi, ta ƙara jan layi,
kamar mai tayar da kunya a gona.
Gurbin farko suna, na biyu aiki,
na uku kwanan wata, na huɗu ƙarfe nawa.
"Na huɗun nan shi ne maƙogwaro," in ji ta,
"in babu shi, jadawali bebe ne."
Sannan ta ɗaure shi da wayata
da wani zare da idona bai gani ba.

Tun daga nan aljihuna ya koyi magana.
Huɗu da rabi, kafin ladan ya gyara murya:
tambayi Ɗanbala ko tirela ta baro Ibadan.
Tara daidai: kuɗin 'yan dako.
Sha ɗaya saura kwata: Iya Ronke, buhu ashirin, kar ka sake.
Ina cikin danfo, an matse ni a cunkoson Ketu,
kwandasta na ihu, ruwa na dukan gilashi,
sai cinyata ta yi rawa:
bashin Tanimu ya nuna, je ka tsinko.

Amma na'ura ma tana da nata wautar.
Na rubuta shida ga watan biyar, kuɗin hayar rumfa,
ita kuwa ta karanta biyar ga watan shida.
Wata guda tana barci da saƙona a baki,
sai da mai rumfa ya zo da kwado a hannu.
Barira ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Wata take fara gani kafin rana, Baffa,
mai sa hula ce kafin wando."
Muka bi gurbi gurbi muna gyarawa,
janareta na tari a bayan shago.

Akwai layi ɗaya can ƙasa
wanda na ƙara bayan ta tafi,
da yatsa ɗaya, ina leƙen ƙofa kamar ɓarawo.
Suna: Inna.
Aiki: kira.
Juma'a, ƙarfe biyar, a maimaita.
Na ji kunya, wallahi.
Wace irin birni ce wannan
da sai an buga wa ɗa ƙararrawa
kafin ya tuna da wadda ta goye shi?

Inna ta ce daga Aliero, muryarta na yankewa,
"Mamuda, ka zama kamar la'asar,
ba ka saɓa lokaci."
Na ce, "To, Inna."
Ban faɗa mata ba.

Juma'ar da ta wuce wuta ta ɗauke kwana biyu,
waya ta mutu tun hantsi,
jadawali ya yi shiru da duk abin da ya sani.
Na manta da Tanimu, na manta da 'yan dako.
Ina tsaka da ƙirga buhuna,
talatin da bakwai, talatin da takwas,
sai hannuna ya tafi aljihu shi kaɗai.
Na tambayi yaron shago ƙarfe nawa.
Ya ce biyar saura minti biyu.
Na ce, "Ara mini wayarka."