Ƙwallo Mai Kama da Gwanda

Shekara uku Masa'udu yana tsaron gida
a filin ƙwallon Aboabo,
ba don hannunsa na kamu ba,
don ya fi kowa cika bakin raga.
Buhu suke kiransa. Buhun masara.
Ya dawo ya zauna gaban tuwo,
ya rage rabi, wai ya ƙoshi.
Ni kuwa bakanike ne,
na san ƙarar injin da ke ɓoye ciwo.

Ran nan ya same ni a Suame da takarda,
ina kwance ƙarƙashin tirela,
ƙafafuna kaɗai a waje.
Ƙafafun ya yi wa magana:
"Baba, sa hannu."
Na sa. Yatsana ya bar baƙin mai
a gurbin sunan uba.
Sai daga baya na ce, "Ta mece ce?"
Ya ce, "Ragbi."
Na zaci sunan magani ne.

Asabar muka fita da sassafe.
Uwarsa ta cusa masa ƙosai a leda,
ni ta cusa mini kashedi:
in ya dawo da haƙori a hannu,
in nemi wani gidan.

Filin wata makaranta ne,
rabi ciyawa, rabi jar ƙasa,
ruwan daren jiya bai gama tafiya ba.
Mai horarwar mace ce, Madam Serwaa,
gajeriya, usur a wuya, tsohon tabo a gira.
Ta zagaya ɗana
yadda nake zagaya mota kafin in yanka kuɗi,
ta daki kafaɗarsa, ta yi magana da Tuwi.
Na ji, amma na sa wani yaro ya maimaita:
"Ina kuka ɓoye wannan tun tuni?"

Shekara goma sha uku,
ban taɓa jin an yi murna da girman jikinsa ba
tun ranar suna.

Ƙwallon kuwa abin dariya,
kamar gwanda.
In ya faɗi ƙasa, shi kansa bai san inda ya nufa ba.
Wai kuma ba a miƙa shi gaba:
gaba kake so, amma na bayanka za ka ba.
Na ce da mutumin da ke gefena,
wannan ai zuwa Tamale ne da giyar ribas.
Bai yi dariya ba. 'Yarsa yake kallo.

Sai suka sunkuya, suka sarƙe,
kai cikin kafaɗa,
kamar masu tura motar da batirinta ya mutu.
Masa'udu a sahun gaba,
wani siririn yaro, Kwadwo, ya damƙe masa riga
kamar tare aka haife su.
Usur.
Laka ta yi tsalle,
wancan ɓangaren ya ja baya taku uku.
Na kurma ihu har hulata ta faɗi.
Ashe ba a ci komai ba. Gwaji ne.

Can kuma wani ɗan mitsitsi
ya rungume masa gwiwoyi,
buhuna ya zube.
Na miƙe. Na yi taku biyu cikin fili.
Kafin na uku, wanda ya kayar
ya miƙa hannu, ya kasa ɗagawa,
biyu suka zo suka taya,
leɓen ɗana na jini, yana dariya.

Da dare uwarsa ta haska masa baki da waya,
ta ƙirga ɗaya bayan ɗaya.
Sun cika.
Ya share tuwo, ya suɗe kwano,
ya tura shi gabanta ba kunya.

An ce a kawo takalmi mai ƙusa, lamba arba'in da uku.
Na ce sai ƙarshen wata,
in mai tirela ya biya.