Shayin da Aka Juye a Teku

Kasuwar Harbo ta watse,
saura ƙaiƙayin gero da kashin awaki a rumfuna.
Na baje takardun ɗalibaina a teburin Tambai mai shayi,
jan biro a hannu, fitilar caji tana ƙyafta ido.

Tambaya ta uku: Me ya sa mutanen Amurka
suka yi wa sarkin Ingila tawaye?
Wata yarinya, Ladiyo, layi ɗaya tak ta rubuta:
"Saboda shayi."

Na yi dariya har biron ya suɓuce.
Tambai ya tsaya da shiƙa, kofi ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa:
"Malam, ashe an taɓa yaƙi a kan sana'ata?"

Na ce, ja benci ka ji.
Sarki ya gwabza da Faransa, ya ci yaƙi,
bashi kuma ya ci shi.
Ya waiga bayan teku, ya hango yankuna goma sha uku,
ya ce su biya.
Kuɗi a kan sukari, hatimi a kan takarda,
takardar gona, jarida, har kartar 'yan caca.
Ya ja layi bisa duwatsu,
ya ce kada wanda ya sari sabon daji yamma da nan.
Ya turo soja, ya ce a nema musu makwanci.
Wata rana a titin Boston bindiga ta tashi,
mutum biyar ba su koma gida ba.
Su kuwa cewa suke: majalisar da ke yanka mana haraji,
ko tabarma ɗaya ba mu da ita a ciki.
Ina aka taɓa yi wa mutum aski ba ya nan?

Sai wani dare suka haye jiragen ruwa,
akwatin ganyen shayi ɗari uku da 'yan kai,
suka fasa, suka juye a teku.

Tambai ya dafe ƙirji.
"Ɗari uku! Ba madara, ba sukari?
Lallai kifin garin nan bai runtsa ba ranar."

Baba Nomau yana can ƙarshen benci,
yana jiƙa burodi don haƙoran da suka rage.
Ya ce, "Shekarar da gero ya ƙone a tsaye,
ubana ya sayar da jakinsa ya biya haraji.
Ba nauyin kuɗin ya tsaya masa a wuya ba,
talaka ya saba da mangala.
Har ya rasu abu ɗaya yake maimaitawa:
ba wanda ya tambaye ni yadda damina ta kasance."

Ya kurɓa, ya ajiye kofi, ya dube ni.
"To su masu tawayen, ƙasar wa suke nomawa?
Wa kuma ke riƙe musu fartanya?"

Na juya biro a hannu.
Na ce ƙasar tana da masu ita tun kafin su zo.
Masu duƙawa a gonakin taba kuwa bayi ne,
baƙaƙe irinmu, daga wannan gaɓar aka kwashe su.

"Su an tambaye su?"
Na ce a'a.
"Af. Mai kukan an taka shi
yana tsaye a kan ƙafar wani."

Ba wanda ya ƙara magana.
Gawayi ya yi ƙara a ƙarƙashin tukunya.
Tambai ya lalubi aljihu, ya zaro rasit uku na yau,
kuɗin rumfa, kuɗin shara,
da na ukun da ruwa ya cinye rubutunsa.
Ya dube su, ya dubi tukunyar,
ya dubi hanyar kududdufi.
"Ni dai ba zan zubar da nawa ba," in ji shi,
"ganyen ma bashi na karɓo."

Na koma kan takardar Ladiyo.
Na ba ta biyu cikin goma,
na soke, na mai da shi huɗu.
A gefe na rubuta mata:
Shayin wa? Wa ya yanka kuɗin?
Tambayi kakanki, ki zo mini da amsa ran Litinin.