Rawayar Kan Dutse

Ba ta jiran damina.
Sai wutar mafarauta ta lashe gangaren Kwatarkwashi,
dutse ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya,
sannan take leƙowa daga cikin toka.
Ba ganye, ba kara,
fure tsagwaro, kwance a ƙasa,
sai ka ce wani ya fasa ƙwai ya gudu.

Kakata Tumba ce ta fara hawa da ni.
Ina ɗan bakwai, ina jan dagin da ya fi ni tsawo.
"Taka sannu, ɗan nema,
mai hawan dutse da gudu da gindi yake sauka."
Mikiya na kewaya samanmu,
ita ko kallo ba ta ishe ta ba.
Idonta na ƙasa.

Takan durƙusa ta tona,
ta karya saiwar ƙas,
rabi a ƙwarya, rabi ta mayar rami ta rufe da tafin hannu.
Na ce, "Me ya sa ba mu kwashe duka?"
Ta ce, "Baɗi ba ka da baki?"

A kan falalen dutse muke shanya.
Ran da manja ya fi ƙarfin lalitarta,
garin rawaya ke fid da miya kunya.
Shekarar da shawara ta kama Kawu Nomau,
idonsa ya rine, ya daina taɓa tuwo,
ita ta jiƙa masa, safe da yamma, a ƙoƙo mai ɗinki.
Ya tashi. Ko maganin ne, ko kwana ne a gaba,
ban sani ba. Tumba ma ba ta ce ba.

Yanzu fenti nake sayarwa a Gusau.
Ruwan ɗorawa iri biyar gare ni a kanta,
kowanne da lambarsa a gwangwani.
Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya,
babu nata.

Shekara tara da rufe Tumba.
Hanyar bayan dutse ta mutu,
mata sun daina bi tun da daji ya yi masu shi.
Bana dai na hau da hantsi,
iya tudun farko, gabana na faɗuwa,
kunnena na can wajen ƙarar babura.

Gindin wani tsagin dutse na same su,
guda uku, ɗaya tururuwa ta ci gefensa.
Ban zo da dagi ba.
Da farce na kankare saiwar kaɗan,
na mayar da ƙasa yadda take yi.

Kwana uku launin bai bar yatsana ba.
Wani magini da ya zo sayayya ya nuna hannuna,
ya ce, "Irin wannan nake so. Lamba nawa?"