Bututun Hayaƙi

Tun daga Wakefield ta fara tari.
Na taka, ta ƙi. Na lallaɓa, ta kama fito
kamar butar da aka manta a kan wuta.
Warin dizal ya shigo gidan gaba, ya zauna kusa da ni,
fasinjan da bai biya ba.
Kwali tamanin da uku a baya,
kowanne da mai shi, kowane mai shi yana leƙen taga.

Garejin Tanimu yana Holbeck, ƙarƙashin gadar jirgi,
inda rufi ke ɗiga ko ba a ruwa.
Ya zura hannu bayan inji har gwiwa,
ya lumshe ido, ya laluba,
yatsu suka fito baƙi ƙirin.
"Bututun mai da hayaƙi ne. Ya tsage a wuya,
nan inda ƙarfen ya yi ninki-ninki kamar maƙogwaron rago."

Sabo fam ɗari biyu da sittin, kuma sai Talata.
Yau Alhamis.
Na tambayi aljihu, na tambayi waya, bakinsu ɗaya.
Tanimu ya ce, "Riƙe tocila."

Noti huɗu ne kacal.
Uku sun ji maganar sifana.
Na huɗu ya sha gishirin titi hunturu bakwai,
shi da tsatsa sun zama jini da tsoka.
Muka ba shi mai, muka ba shi wuta, muka ba shi haƙuri.
Jirgin York ya wuce bisa kanmu,
ƙasa ta zubo cikin shayina,
sannan ya ce ƙas, ya bar rabinsa a ciki.
Tanimu bai yi zagi ba. Madalla ya ce,
irin madallar da ta fi zagi nauyi,
ya tafi neman abin huda.

Rumasa'u, autarsa, tana kan tayoyi da littafin lissafi.
Da Hausarta mai ƙanshin Leeds ta ce,
"Baba, don me mota za ta shaƙi hayaƙinta?"
Ya ce, "Don kada wutar cikinta ta yi yawa.
A ɗebo kaɗan daga abin da ta ƙona,
a fifita shi, a mayar mata."
Ta ce, "Ƙazanta!" Ta koma ga lissafi.

Ni ban ce komai ba.
Shekara goma sha ɗaya ina yin haka kowane dare:
tashar Gusau, tarin babana bayan ƙyaure,
shagon da na rufe da bashi a ciki,
in ɗebo kaɗan, in shaƙa,
gobe in iya cewa na gode ga wanda ya rufe min ƙofa a fuska.

Ya ƙanƙare cikin bututun,
ƙanzon shekara bakwai ya zubo kan jarida.
Ƙarfen ba kauri, ɓawon albasa ne,
ka matsa masa wuta ya ɓule.
Sai ya bi shi ɗigo-ɗigo, yana ɗauke numfashi,
kamar mai ɗinkin hula.
Ya toshe baki ɗaya, ya shafa ruwan sabulu, ya hura.
Kumfa guda ta taso, ƙarama, mai taurin kai.
Ya sake rufe fuska. Shuɗin haske ya sake lasar bango.

Sabon fakin. Noti uku na gida, ɗaya baƙo.
"Tayar."
Ta yi gyaran murya, ta daidaita.
Ya kai bayan hannu kusa da ɗinkin, ya jira.
Ba iska.

"Zai kai ka bazara. Ban ce har abada ba."
Fam arba'in,
da yaji idan wani ya zo daga gida.

Bakwai da rabi, yayyafi, gida na farko a Beeston.
Tsohuwa ta buɗe, ta ce na makara.
Na ce haka ne.
Ta karɓi kwalinta ta juya shi,
ga babban yatsana a jiki, baƙi,
har layukan ana ƙirgawa.