Ruwan Farko a Figil

Faci nake yi a bakin titin Figil.
Ni ba boka ba ne, taya nake karantawa.

Sanda ya tsaya ƙarin iska da lodin albasa.
Na sa farce a tayar gaba,
ba zane, sumul kamar tafin jinjiri.
Na ce, "Hadari ya haɗo ta Gidar."
Ya ce, "Sai na sauke a Garwa, Baba."

Ruwan farko ba ya wanke kwalta,
tsohon baƙin mai yake tasarwa,
titi ya koma miyar kuɓewa.
Birki roƙo ne kawai,
taya ke amsawa, ko ta ƙi.

Da la'asar aka soma yayyafi.
Duk motar da ta ɓullo daga kudu
sai in dubi fuskar direba.
Ban tambayi kowa ba.