Ɗaki Mai Lamba Ɗari Shida da Huɗu

Shekara tara ina tsaye bayan wannan kanta,
a wani otal da ke gangaren Porto,
inda kogi ke wucewa ta ƙasa bai ce wa kowa uffan ba.
Sunana Otília, ga shi maƙale a ƙirjina,
amma sai mai buƙata yake karanta shi.

Tun daga ƙofa nake gane su.
Mai roƙo yakan rage sauri, ya gyara wuyan riga,
ya ajiye murmushi kan kanta kafin ya ajiye fasfo.
"Amarci muke ci," in ji wani.
A makon nan kaɗai na ga amarci goma sha ɗaya,
har da wadda zobenta ya riga ya ci yatsa.
Wani ya ce yau ce ranar haihuwarsa;
takardarsa ta ce Maris, mu kuwa muna Oktoba.
Wata ta ce mutum dubu tamanin ke bin ta a waya,
na leƙa bayanta, ban ga ko ɗaya ba.

Ba na fushi. Roƙo ba sata ba ne.
Sai dai ɗakuna masu kallon kogi shida ne tak,
kuma na iya cewa a'a da haƙora a waje.

Daren wata Talata, ana yayyafi,
wani dattijo ya shigo, jaka ɗaya, hula a hannu.
Belmiro Seixas, daga wani ƙauye can bayan duwatsu,
zai ga likitan ido da safe.
Ya biya ɗaki mafi araha,
wanda tagarsa ke gaisawa da bututun hayaƙin kicin.
Ya karɓi makulli, ya yi taku uku, ya dawo,
ya zaro 'yar takarda, ya nisanta ta da fuska.
"Jikata ce ta rubuto.
Wai in tambaya ko da ɗaki mafi kyau da ba kowa ciki,
wai in ce bikin wani abu nake yi.
Ni ba bikin da nake yi, 'yata.
Na dai tambaya, don in ta bugo in ce na tambaya."

Na duba allo.
Masu ɗari shida da huɗu, hazo ya riƙe jirginsu.
Na karɓe makullin da ke hannunsa, na ba shi wani.

Ƙarfe shida, ina shirin miƙa aiki,
sai ga shi, idanu jajur.
Na ce, yaya kogin?
Ya ce, "Kogi ai na san shi. Ko labule ban ɗaga ba.
A banɗaki na kwana zaune.
Shuɗin tayil ɗin nan, ni na jera shi,
shekara arba'in da ɗaya ke nan,
lokacin ana biyan mu kuɗin yini,
a sallame mu ta ƙofar baya.
Na uku daga ƙasan taga a karkace yake.
Ranar aka aiko matata na naƙuda,
hannuna ya ƙi tsayawa.
Na ɗauka tuni an gyara."

Ya ajiye makulli,
ya ajiye lemo biyu daga aljihun kwat,
ya tafi a duba masa ido.

Na hau bene da takalmi a hannu.
Gado shimfiɗe, ko alamar zama babu.
Na durƙusa ƙarƙashin taga,
ɗaya, biyu, uku.
Karkacewar ba ta fi kaurin farce ba.
Na daɗe da yatsa a kanta.

Can ƙasa ƙararrawa ta yi ƙara.
Wasu masu cin amarci sun iso da wuri.